Na sa kuɗina a ginin gida, ya sake ni ya ci gaba da zama a ciki

Tambaya: Barista, ni malamar makaranta ce. Lokacin da muke ginin gidanmu a Rigasa na sayar da gwalagwalaina, na haɗa da kuɗin adashina, aka yi rufi da filasta. Yanzu ya sake ni, idda ta cika, na koma gidan iyayena a Tudun Wada da yara biyu, shi kuwa yana zaune a gidan. Takardar filin sunansa ne a kai. Ina da wani haƙƙi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kina da abin nema, amma ba auren ne zai ba ki shi ba. Kotunan Shari'a na Kaduna mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a nan aure ba ya haɗa dukiya. Kowa da nasa. Haƙƙinki na zama a gidan a matsayin mata ya ƙare da cikar idda.

Abin da alƙali zai so ya ji shi ne, da wace niyya kuɗin nan suka fita daga hannunki? In kyauta ce, kuma ya karɓa ya yi gini da ita, dawo da ita zai yi wuya. In rance ne, kuɗinki kawai zai biya ki. In kuwa kun yi da shi cewa gidan na ku biyu ne, to kin zama mai kaso. Sai ki nemi a yi wa gidan ƙima ya biya ki kasonki, ko a sayar a raba, ki kuma roƙi kotu ta duba kuɗin hayar kasonki, tunda shi kaɗai ke morar gidan. Kusan kullum maza kan ce kyauta ce, don haka ki shirya wa wannan amsa tun yanzu.

Sunansa a takarda, ko da ta KADGIS ce, wato hukumar da ke ba da takardun filaye a jihar Kaduna, hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta hana ki kawo taki. Ke ce mai da'awa, kawo shaida a kanki yake. Nemo rasit ɗin kwano da siminti, bayanan banki, uwar adashi, maƙerin da ya sayi gwal ɗin, birkilan da kika danƙa wa kuɗi hannu da hannu. A sha'anin dukiya, Malikiyya na karɓar shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa.

Kada kuma ki manta da yaran. Muddin renonsu na hannunki, ci da sha da tufafi da wurin kwanansu a wuyan ubansu suke, ko da kotu ta ce ba ki da kaso a gidan.

Ki fara da sulhu ta hannun waliyyinki, a rubuta abin da aka cimma, shaidu su sa hannu. In ya ƙi, a aika masa takardar neman haƙƙi mai ɗauke da kwanan wata, sannan a shigar da ƙara. In kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin Legal Aid Council ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a nan Kaduna, da duk takardunki a hannu.