An ce ƙirƙirarka "a fili take": ɗaukaka ƙara ko sake lale?

Wani ɗan'uwa mai haɗa manhaja a Houston ya rubuto cikin damuwa. Ya ƙirƙiro hanyar gyara launin hoto yadda baƙar fata ba za ta yi toka-toka a hasken ƙwan lantarki ba, amma sau biyu ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, USPTO, yana watsi da buƙatarsa. Tambayarsa: ya kamata ya ɗaukaka ƙara?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ɓarawo aka kira ka ba. Sashe na 103 na dokar rajistar ƙirƙira ta Amurka aka kafa maka, wato an ce ƙirƙirarka a fili take: jami'in bincike ya ɗauko tsofaffin takardu biyu, wataƙila ɗaya kan daidaita farin launi, ɗaya kan gane fuska, ya ce duk gwanin sana'ar zai iya haɗa su. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar KSR da Teleflex a 2007 wannan hujja ta yi sauƙin kafawa, amma dole jami'in ya bayyana dalilin da zai sa a haɗa su. Idan bai bayyana ba, je ka gaban alƙalai uku na PTAB, hukumar sauraron ɗaukaka ƙara ta USPTO. Idan kuwa ƙarfinka a gwaji yake, hotuna gefe da gefe da alƙaluman awon launi, nemi a ci gaba da bincike, wato RCE, don da wuya a karɓi sabuwar shaida bayan ɗaukaka ƙara.

Wani daga Kano yana tambaya ko takardar rajistar ƙirƙira da ya samo a Abuja za ta kare shi a Amurka. Haba malam! Najeriya da tata rajistar, Amurka da tata.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Wani kamfani ya ce masa ya biya dubban daloli, samun takarda tabbas ne. Ƙarya ce. Ko lauyan da ya yi furfura a aikin ba ya iya wannan alkawari. Yana damuna yadda mutum zai kwashe kuɗin adashi, ya sayar da fili, ya miƙa wa wanda bai karanta ko shafi ɗaya na aikinsa ba. Dokar Amurka ta 1999 ta tilasta wa masu tallata ƙirƙira su faɗa maka a rubuce mutum nawa cikin abokan cinikinsu suka samu fiye da abin da suka biya. Nemi wannan takarda tukuna. Sannan duba sunan wanda zai tsaya maka a jerin wakilan da USPTO ta yi wa rajista. Idan babu shi, kada ka tura ko sisi.