Ga ɗan'uwan da ke neman taron masu barin giya a Accra

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana Nima, ka sha rantsewa ka bar akpeteshie, wato giyar gargajiyar Ghana mai ƙarfi, da giyar bitas ta leda amma kana komawa, yanzu kana neman inda masu barin giya ke haɗuwa, sai dai kana tsoron a kai ka coci ko wani ɗan unguwa ya gan ka. Na daɗe ina zama a irin wannan taro, don haka ga abin da na sani.

Kafin maganar taro, dubi hannunka da safe. In yana karkarwa, ba ya tsayawa sai ka kurɓa, to kada ka yanke sha rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya kullum yakan fara rawa da gumi cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe, wani ya yi farfaɗiya, wani kuma a kwana na 2 ko na 3 ya fara gane-gane da sambatu. A zango nan take za a ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a tana da kyau, amma wannan hali yana kisa, likita yake so. Asibitin Pantang yana da sashen masu shaye-shaye, Korle Bu ma haka, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Asylum Down. Zuwa can ba ya nufin ka haukace.

A can ɗin ne kuma za ka fi samun labarin taro. Nas-nas ɗin sashen sun san wane rukuni ne ke zama da gaske, wace rana, ƙarfe nawa. Jerin da ke intanet yakan tsufa. Ni na taɓa shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, har biyu na tarar da ƙofa a garƙame, ashe sun sauya wuri tuni. In ka ga lamba, kira kafin ka kashe kuɗin mota.

Mafi yawan waɗannan taruka na Alcoholics Anonymous ne, wato AA, ƙungiyar da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka fara a Akron ta Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga, ba rajista, ba a tambayar sunan mahaifinka. Sharaɗi ɗaya ne: kana son ka daina sha. Akan zagaya da ɗan kwando, mai sidi ɗaya ya jefa, marar shi ya miƙa gaba.

Maganar coci kuwa, e, sau da yawa ɗakin na coci ne ko na asibiti, don su ke ba da aron wuri. Amma ba fasto ke jagoranci ba, mashayi ne irinka wanda ya riga ka bari. Matakai 12 da suke bi wajen barin giya suna magana a kan Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi, kai kuma ka san naka. A wasu wuraren ana rufewa da addu'ar Kiristoci. Ni nakan yi shiru in yi istigfari a zuci, ba wanda ya taɓa harara ta. Abin da ya fi damuna da farko shi ne faɗin laifi a gaban mutane, alhali an ce wanda Allah Ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Wani malami ne ya warware min, ya ce mai alfahari da saɓo daban, marar lafiya mai faɗa wa masu magani ciwonsa daban. Ya kuma tuna min sahabin nan da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa.

Tsoron a gan ka gaskiya ne, Nima da Mamobi ba a ɓoye tari. Nemi taro nesa da gida. In ma ka haɗu da wanda ka sani, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma ƙa'ida ce abin da aka ji a ɗakin ba ya fita.

Ranar farko ba dole ka yi magana ba, ka ce sauraro ka zo. Galibi da Turanci ake yi, ana sirkawa da Twi ko Ga. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, wani rukunin surutu ya yi masa yawa, wani kuma zai dace da kai. Ka lura da wanda ya daɗe bai sha ba kuma maganarsa ta kwanta maka, ka roƙe shi ya zama jagoranka, ka karɓi lambarsa. Amfaninta yana zuwa ne bayan isha'i, ko ranar da kuɗi ya shigo hannu, lokacin da ƙafa ke janka zuwa wurin da ka sani. In ka zame ka sha, ka koma zama na gaba ka faɗa, ba a korar kowa.

Ka ambaci cewa mai ɗakinka ta gaji. Akwai irin wannan zama na iyalan mashaya, Al-Anon, ka tambayi nas ɗin ko akwai mai gudana kusa. In kuma tafiyar farko ce ke yi maka nauyi, turo min saƙo a keɓe, mu haɗu a Circle mu tafi tare.