Wai Kanawa ne suka toshe mana ruwa?

Tambaya: Malam, ni manomin fadama ne a Gashuwa. Bana kogi ya ja da wuri, tattasaina ya bushe a tsaye. Ana ta cewa Kano ce ta toshe madatsun Tiga da Challawa. Ba za mu maka ta kotu a buɗe mana ba?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri. Sashe na 232 na tsarin mulki ya ba Kotun Ƙoli ikon sauraron ƙarar jiha da jiha, amma gwamnatin Yobe ce za ta shigar, ba manomi ba. Kuma makullin ba ya hannun Kano. Hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, ta tarayya, ita ke sarrafa madatsun biyu.

Amma wannan magana ta “a buɗe dam kowa ya sha” ta ishe ni. Kullum sai an turo min ita a WhatsApp, daga bakin wanda bai taɓa shiga kwalekwale ba. Ko yau aka wangale Tiga, ruwan ba zai iso gonarka ba. Kafin a kammala Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin Hadeja, wanda suke sako wa ruwa, kan yi ambaliya da damina, ya ƙafe da rani. Yanzu ruwa kwance yake duk shekara, abin da ciyawar kachala ke so ke nan. Je ka tsakanin Hadeja da Nguru ka gani: ciyawa ta fi mutum tsawo, laka ta cike tsohuwar hanyar kogi, masunci na tura kwalekwale da gora ya kasa wucewa. Ruwan sai ya karkata ta magudanar Marma, ya ci gonakin wajen Nguru, kai kana nan kana jira. Ka ƙara ruwa, ka ƙara musu ambaliya, tsuntsun jan-baki kuma ya samu wurin kwana.

Yawancin ruwan da ke wucewa Gashuwa na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba tukuna. Idonka ya koma kan madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kansa a Bauci.

Sai kuɗi. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa a taron Damaturu don irin wannan gyara. Yashe magudana aikin kowace shekara ne, kowa kuma na jiran maƙwabci ya fara zuba nasa. Ku haɗa kan ƙungiyar manomanku, ku tambayi ɗan majalisarku nawa jiharku ta zuba bana.