Tutar nan mai ruwan ɗorawa da maciji, ta su waye?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a bidiyoyin zanga-zangar Amurka ina yawan ganin wata tuta ruwan ɗorawa da maciji a tsakiya, ta wata ƙungiyar asiri ce ko me? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A'a ba ta asiri bace, tsohuwar tuta ce tun 1775 lokacin da yankuna 13 na Amurka suka ɗau makami kan Ingila. Ana ce mata tutar Gadsden saboda Christopher Gadsden, ɗan siyasa kuma kanar daga Carolina ta Kudu, shi ya bada ita ga Esek Hopkins kwamandan sojan ruwansu na farko. Rubutun dake ƙasa cewa yake "kar ka taka ni".

Shi macijin irin na can ne, yana da wasu ɓawo-ɓawo a wutsiya masu ƙara kamar caki, in kika duba da kyau zaki ga ya naɗe a kan ciyawa ya ɗaga kai baki buɗe amma bai kai sara ba, to nan ma'anar take, wai shi baya fara tsokana, sai ya kaɗa wutsiya ya ja kunne tukuna amma in aka taka shi ba sauƙi. Dama tun 1754 Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya buga zanen maciji an daddatsa shi gida 8 a jaridarsa, yana nufin yankunan su haɗa kai ko su hallaka.

Abinda ke taɓa min zuciya, kuma ba kasafai ake faɗa ba, shi Gadsden ɗin nan mai cewa kar a taka shi yana da bayi, kuma tashar jirgin ruwan da ya gina a birnin Charleston na Carolina ta Kudu dubban 'yan Afirka aka sauke a wurin aka sayar. Wallahi duk sanda na ga tutar sai mutanen nan sun faɗo min a rai. A daidai wurin ne aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a 2023.

Yanzu kuwa masu ra'ayin riƙau da masu kare 'yancin riƙe bindiga su suka fi ɗaga ta, musamman tun tashin 'yan Tea Party, masu adawa da yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati, a 2009, an kuma gan ta a hannun wasu da suka afka majalisar dokoki ranar 6 ga Janairun 2021, shi yasa a can ma wasu ke ganinta da mutunci wasu kuma gabansu ke faɗuwa in sun hango ta.