Jerin CCRL, CEGT ko SSDF: wanne za a amince da shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa makin Stockfish, injin (wato manhajar kwamfuta) da ke buga darar Turawa, ya bambanta a jerin CCRL da na CEGT, kuma wanne ne mai gaskiya a cikin waɗannan ƙungiyoyi masu haɗa injina wasa su jera su bisa ƙarfinsu.

Babu mai ƙarya a cikinsu. Makin Elo, lambar da ake nuna ƙarfin ɗan wasa da ita, tazara yake aunawa tsakanin injinan da suka kara da juna, kuma kowane jeri yana da inda ya kafa ma'auninsa. Don haka kada ka ɗauki lambar wannan ka jera da ta wancan, balle ka gwada ta da 2882 ɗin da Magnus Carlsen, gwanin darar nan ɗan Norway, ya kai a 2014. Tazarar na ɗaya da na biyu a cikin jeri guda ita ce abin dubawa.

Ni idona yakan fara sauka kan ƙananan lambobin nan na ƙari da ragi da ke gefen makin, masu nuna iya kuskuren da zai iya kasancewa a cikinsa. In tazarar injina biyu maki 10 ce, kuskuren kuma ya kai 15, ba ka isa ka ce wannan ya fi ba. Manyan injina yawanci canjaras suke tashi, sai an buga dubban wasanni kafin bambanci ya fito.

SSDF na Suwidin ya fi su daɗewa, tun shekarun 1980, ya riƙa ba injina dogon lokacin tunani a kowane wasa, sai dai sababbin injina sun riƙa jimawa kafin su shiga. Na fi komawa CCRL saboda yawan wasanninsa. Amma in Leela, wani injin darar, ce damuwarka, ka fara duba irin GPU (na'urar sarrafa hoto ta kwamfuta) ɗin da aka ɗora ta a kai, don ƙarfinta ya dogara da shi ƙwarai.