An ce sai an formate kwamfutata kafin diyapo su fito daidai a takarda

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, saura mako guda in kare memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu. Malamin da ke duba aikina ya ce in buga diyapo ɗina na PowerPoint, wato shafukan da zan haska a allo, guda 40, in ba kowane ɗan juri nasa kwafi. Na kai fayil ɗin wani shagon buga takardu a kile USB, abin da ya fito ya tada mini hankali. Kowace diyapo ta ci shafi guda baƙi ƙirin, gefen dama ya yanke, sannan kalmomin Hausa na mutanen da na yi hira da su, duk inda akwai ɗ ko ƙ, sai wani ɗan akwati ya fito. Da na dawo gida kuma sai na tarar fayilolin da ke cikin kile ɗin sun ƙi buɗewa. Mai shagon ya ce birus ne, in kawo kwamfutata ya formate ta gobe, wato ya goge ta ya sake ɗora Windows. Memwar ɗina gaba ɗaya a cikinta yake. In kai masa?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki kai. Yau ɗin nan, kafin ki taɓa komai, ki tura memwar da diyapo ɗin zuwa akwatin imel ɗinki, ki kuma ajiye wani kwafi a Google Drive ko a wayarki.

Abubuwa huɗu da kika gani a takarda, babu ɗaya da ya shafi birus.

Diyapo ɗaya a shafi guda shi ne abin da PowerPoint ke yi in ba a gaya masa komai ba. A Fichier, sannan Imprimer, akwai wurin da aka rubuta Diapositives en mode Page entière. Ki danna shi, a ƙarƙashin Documents za ki ga zaɓin 1, 2, 3, 4, 6 ko 9 a shafi. Ni dai ga juri na fi son 3, domin shi kaɗai ke zuwa da layuka a gefe inda malami zai rubuta tambayarsa. Diyapo 40 za su shiga shafi 14. In kika zaɓi 6, shafi 7 ne, kuɗi ya ragu, amma babu layukan rubutu. A 3 ko a 6 kowace diyapo tana tsukewa sosai, kuma teburin alƙaluman da kika rubuta da ƙananan haruffa ba mai iya karanta shi ko da tabarau. Na 9 kuwa asarar takarda ne.

Baƙin shafin daga bangon diyapo ɗinki yake. Shuɗi mai duhu da farin rubutu na da kyau a allo, amma in aka bar zaɓin Couleur aka tura wa injin da baƙi kawai ya sani, sai ya zuba garin tawada a shafin baki ɗaya. Zaɓin Nuances de gris na cire launin bango ya mai da rubutu baƙi. Sai dai in bangon naki hoto ne, ko wani babban murabba'i kika shimfiɗa a bayan rubutun, to duhun na iya zama, baƙin rubutu ya hau kansa ya ɓace. Shi ya sa hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ki yi kwafi na biyu na fayil ɗin, ki mai da bangonsa fari, rubutunsa baƙi, shi ne na bugawa. Na farko ki bar shi don majigi. A cikin na bugawar ki duba diyapo ɗin da kika sa hotuna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda. Takarda ba ta san motsi ba, duka za su fito a kan juna, sai ki rarraba su.

Yankewar gefe kusan kullum rikicin girman takarda ne. Tamu A4 ce, milimita 210 da 297. Injuna da kwamfutoci da yawa na zuwa a saite kan Letter ta Amurka, wadda ta ɗan fi faɗi kuma ta fi gajarta, 216 da 279. A gyara shi a saitin injin, a kuma sa alama a Mettre à l'échelle de la feuille.

Akwatunan da suka ci ɗ da ƙ kuwa, salon rubutun da kika zaɓa ne ko dai babu shi a kwamfutar shagon, ko kuma ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Times New Roman da Arial da ke zuwa da Windows na yanzu suna da su. Maganin da ya rufe wannan da sauran duka shi ne ki mai da kwafin bugawar PDF a kwamfutarki. Wajen adanawa akwai Options, nan ma za ki iya zaɓar Documents da adadin diyapo a shafi. Ki buɗe PDF ɗin ki duba da idonki. Abin da kika gani shi zai fito a kowane shago, daga Tahoua har Yamai.

Yanzu batun formate, wanda shi ne ya sa na gaggauta amsa miki.

Babu ranar da ba na jin wannan magana. Inji ya ƙi ɗaukar takarda, a formate. Rubutu ya karkace, a formate. Sauti ya ɗauke, a formate. Akwai masu gyara da ba su san komai ba ban da kile ɗaya mai ɗauke da Windows a aljihu, kuma kowace cuta da ita suke tarar ta, kamar mai maganin tasha da garinsa ɗaya ke warkar da basir da ciwon ido. Ki tsaya ki yi tunani: fayil ɗin a kwamfutar shagonsa aka buɗe shi, injinsa ne ya buga, saitinsa ne ya yanke gefen. Kwamfutarki tana gida lokacin. Ta yaya goge ta zai gyara girman takardar da ke cikin injinsa? In an formate ta sau goma, aka koma da fayil ɗin nan, baƙin shafin nan ne zai sake fitowa.

Abin da formate ke yi shi ne share ɓangaren da Windows yake, kuma a nan Bureau da Documents da Téléchargements suke, wato daidai inda ɗalibai ke ajiye aikinsu. Mai gyaran zai ce miki ya kwashe komai tukuna. Wani lokacin ya kwashe hotunan biki ya manta fayil ɗin alƙaluman bincike, wani lokacin bai ma duba ko kwafin ya kammala ba. Ɗalibai na zuwa mini da kwamfuta fes, sabon hoto a fuskarta, aikin shekara guda babu shi, suna tambaya ko akwai dabara. Akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec da kan ceto wani abu, amma sabon Windows ɗin da aka ɗora ya riga ya hau kan wani sashe na tsofaffin fayilolin, kuma in ma'ajiyar kwamfutar irin ta SSD ce, samun su ya fi wuya nesa ba kusa ba. Wanda abin ya riga ya faru da shi, ya kashe kwamfutar nan take, kada ya ƙara ajiye ko ɗora komai a kanta har ya kai wa wanda ya san aikin.

Kuma me suke ɗora miki a madadin abin da suka goge? Sau da yawa Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, da Office na sata wanda ake buɗewa da wata ƴar manhaja da sai an kashe antibirus kafin ta yi aiki. Wato kin biya kuɗi an kore miki birus ɗin da babu shi, an buɗe wa na gaske ƙofa. Ba wai formate ba ta da ranarta ba. Tana da ita, in Windows ya lalace har ya ƙi tashi kuma an gwada sauran hanyoyi. Ko a ranar ma, mai kwamfuta ne ke zama ya buɗe kwafin fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna nan kafin a danna komai. Mai gyaran da ya furta kalmar tun bai tambaye ki me ke cikin kwamfutar ba, ki ɗauki kayanki ki yi masa sai an jima.

Kile ɗinki kuwa, nan kam da alama akwai birus, kuma mafi yawa a kwamfutocin da kowa ke soka wa kile ake kwaso shi. Irin wanda ke ɓoye fayiloli ne ya bar gumaka masu ƴar kibiya a kusurwa da sunayensu. Fayilolinki na nan, ɓoye su aka yi. Kada ki ƙara danna gumakan, domin dannawar ce ke tada shi. Tunda kin riga kin gwada buɗe su a gida, ki sa antibirus ɗinki ya bincike kwamfutar da kile ɗin gaba ɗaya. Microsoft Defender da ke cikin Windows 10 da 11 ya isa, in dai an sabunta shi. Bayan haka ki buɗe Invite de commandes, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ki rubuta harafin kile ɗin da ɗigo biyu a bayansa, misali E:, ki danna Entrée, sannan ki rubuta attrib -h -r -s /s /d ki sake dannawa. Fayilolin za su bayyana. Ki kwashe su, sannan in kina so ki formate kile ɗin kaɗai, wannan ba laifi.

Ranar da za ki koma bugawa, ki tura wa mai shagon PDF ɗin ta WhatsApp ko imel, kile ya zauna a gida. Ki ce ya fitar da shafi ɗaya tak, wanda ya fi cika da teburi da kalmomin Hausa, ki karanta shi a tsaye a wurin. In ya yi, a buga saiti ɗaya, sauran na ƴan juri a yi fotokofi, ya fi sauƙin kuɗi. Kada ki bar shi sai safiyar ranar, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa aikin kan maƙale a layin injin, sai an share shi an sake turawa. Allah Ya ba da sa'a.