Filin Tambayoyinku: Ina zan kai yara su ga teku ba tare da hayaniya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana da ƙane a zangon Kumasi, muna shirin kai masa ziyara da yaranmu uku, babbar shekararta 11, autan 4. Sun matsa sai sun ga teku. An ba mu labarin Busua, amma an ce garin masu wasan hawa igiyar ruwa ne, ga Turawa, ga kiɗa, ga giya. Shin akwai wuri kusa da nan da iyali za su sake? Kuma mu je a babban hutu ko a hutun Disamba? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaran suna da gaskiya. Yaron da ya tashi a Damagaram, inda ake tsayuwar layi da jarka a bakin famfo, ya cancanci ya ga ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa.

Wurin da kike nema sunansa Butre, ƙauyen masunta ne gabas da Busua, tazarar da babba zai taka da ƙafa. Daga Kumasi ku shiga motar Takoradi, daga can ku nemi ta Agona Nkwanta, a nan tashar za ku sami tasi zuwa Busua ko Butre. Ƙaramin kogi ne ke shiga teku a bakin ƙauyen, akwai gada ta masu ƙafa, ga itatuwan kwakwa, ga kwale-kwale jere a kan rairayi. A saman tudu akwai kangon ganuwar Batenstein da mutanen Holan suka gina a 1656, ɗaya daga cikin ganuwoyin gaɓar Gana da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Ki hau da babbar ƴarki, ki gaya mata cinikin bayi da aka yi a wannan gaɓa. Ta isa ji.

To amma ga inda zan saɓa miki. Ku kwana a Butre, ku ci abinci a can, yara su yi ta gini da rairayi. Idan shiga ruwa ne kuwa, ku tafi Busua ɗin da kike gudu. Shirun wuri daɗin kunne ne kawai, teku ba ruwanta da shi. Inda ba kowa, ba wanda zai ga yaro idan ruwa ya ja shi. Busua tana cikin lungu, gaɓarta shimfiɗaɗɗiya ce, zurfi ba ya zuwa farat ɗaya, shi ya sa ake lissafa ta cikin wuraren wanka mafi sauƙi a Gana. Samarin nan masu allon hawa igiya, da kike yi wa kallon ƴan iska, ƴaƴan garin ne da yawansu, sun san ruwan kamar yadda ɗan Birni ya san lungunan bayan fada. Ni da na je, su na fara yi wa sallama, su suka nuna mini inda zan tsaya da inda ba zan kusanta ba. Kiɗa da shaye-shaye na dare ne da ƙarshen mako. Ku je da hantsi a tsakiyar mako, kafin azahar kun koma masauki.

Abin da ya fi halaka baƙi a gaɓar nan shi ne ruwa mai komawa. Igiyoyi suna ta tura ruwa bakin gaɓa, shi kuma dole ya koma, sai ya sami wata ƴar hanya ya riƙa fita da gudu zuwa cikin teku. Mugun abin, wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: dama da hagu kumfa na tashi, tsakiya kuwa lumui, ruwan ya ɗan yi duhu. Uwa mai tausayi nan za ta ce yara su shiga. Kada ki yarda. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga hanyar. Ki maimaita wa maigida wannan, domin maza ne ke cewa sun iya ruwa don sun yi wanka a tafkin Gidimuni suna yara. Autan kada ruwa ya wuce masa gwiwa, hannunsa cikin na babba. Bakin kogin Butre ma a kiyaye shi lokacin da teku ke janyewa, don sau biyu take cika ta koma a kowace rana.

Batun sutura, ba wanda zai hana ki shiga a rufe. Sai dai zane da dogon hijabi idan sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Wando mai kauri, riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi sun fi.

Lokaci kuwa, Disamba. Babban hutunmu yana faɗawa daidai sa'ar da igiyoyi ke da ƙarfi, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓar Gana sanyi yake yi saboda ruwan can ƙasan teku da ke tasowa sama. Da hunturu teku ta fi kwanciya. Ku dai kauce wa ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara, don mutanen Takoradi kan cika bakin ruwa.

Abinci ba matsala: kifi sabo, dokunu (tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye), shinkafa da wake. Nama ku saya wajen mahautan zango a Takoradi, inda Hausarki za ta ishe ki ciniki. A galibin garuruwan gaɓar masunta ba sa fita ranar Talata, kada ki sa ran sabon kamu ranar. Ki canja sefa zuwa sidi tun a Kumasi, ki riƙe katin rigakafin shawara na kowa har autan, don ana tambayarsa a iyaka, ki kuma sa gidan sauro cikin kaya.